Su Wane ne Suka Zayyana Kujerun Tsakiyar Ƙarni na 20, Kuma Me Ke Sa Kwafinsu Saurin Girgiɗi?

Tambaya: Ni kafinta ne. Masu ba ni aiki suna yawan kawo hotunan kujeru da tebura masu siraran ƙafafu, suna ce musu mid-century modern, wani ma har da hoton gida mai bangon gilashi. Na yi kujerun cin abinci guda shida daga hoto. Kafin shekara ta zagayo huɗu sun fara girgiɗi, ɗaya kuma ta karye a gwiwar majingina. Su wane ne suka fito da wannan salo, kuma ina kuskurena yake?

Amsa: Malam, sannu da aiki. Amsar tambayarka ta biyu tana cikin ta farko, domin kowace fitacciyar kujera ta wancan zamani an yi ta ne don warware wata matsala ta katako, ko ta ƙarfe, ko ta nauyin mai zama. Hoto yana nuna siffa, amma ba ya nuna mahaɗa, kuma a mahaɗar ne ƙarfin yake.

Sunan yana nufin zamanancin tsakiyar ƙarni, wato aikin da aka yi daga wajajen 1945 zuwa ƙarshen shekarun 1960. Su masu aikin ba su kira shi haka ba. Sunan ya bazu ne bayan wani littafi da Cara Greenberg ta fitar a 1984. Tushensa ya girmi yaƙin duniya na biyu. An buɗe makarantar zane da gini ta Bauhaus a Jamus a 1919, aka rufe ta a 1933 saboda matsin 'yan Nazi, malamanta suka watse. Walter Gropius da Marcel Breuer suka tafi jami'ar Harvard a 1937, Mies van der Rohe ya sauka Shikago a 1938. Da yaƙi ya ƙare sai abubuwa uku suka haɗu: ana buƙatar gidaje masu yawa kuma ƙanana, masana'antun yaƙi sun bar sabon gam da fasahar matse filawud da alminiyom mai araha, sannan ga waɗannan malamai da ɗalibansu.

Mu fara da mutanen Danmak, domin aikinsu ya fi kusa da naka. Hans Wegner, wanda ya rayu daga 1914 zuwa 2007, ɗan mai ɗinkin takalma ne, kuma kafinta ne da ya yi koyon sana'a kafin ya shiga makarantar zane. Ya zayyana kujeru fiye da 500. Biyu daga ciki sun isa darasi.

Ta farko ita ce Round Chair ta 1949, wadda 'yan takarar shugabancin Amurka Kennedy da Nixon suka zauna a kai a muhawararsu ta talabijin a 1960. Majinginarta da hannuwanta sun zagayo kamar abu ɗaya, amma gunduwa uku ne aka sassaƙa aka haɗa. Dalili shi ne jijiyar katako. Katako yana da ƙarfi a tsawon jijiyarsa, a kwance kuwa yana tsagewa kamar rake. Idan ka zana rabin da'ira a kan falange ɗaya ka yanke da zarto, dole a sami wurin da jijiyar ta gitta lanƙwasar, tsawonta bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Nan ne take karyewa, kuma kusan tabbas abin da ya sami kujerarka ke nan a gwiwar majingina. Wegner ya raba lanƙwasar gida uku domin kowace gunduwa jijiyarta ta bi tsawonta. A fitowar farko ya naɗe majinginar da kara don ya rufe mahaɗar, amma a 1950 ya sauya zuwa haɗin haƙora masu shiga juna kamar bakin zarto, wanda ke ba gam fili mai yawa, sai ya bar shi a fili ya zama ado.

Ta biyu ita ce Wishbone, mai majingina kamar harafin Y, wadda kamfanin Carl Hansen & Søn ke yi tun 1950 ba tare da tsayawa ba. Ya ɗauko tunaninta daga kujerun Sin na zamanin daular Ming. Sassanta 14 ne, matakan aikinta sun haura 100, mazauninta kuma saƙar igiyar takarda ce mai tsawon kusan mita 120. A nan ya bi wata hanya: sandar da ta zagaye baya katako ɗaya ne, amma lanƙwasa shi aka yi da tururi, don haka jijiyar ta bi lanƙwasar daga wannan kai zuwa wancan. Ƙa'idar tururi ita ce awa ɗaya ga kowace kaurin milimita 25, sannan a ɗaure bayan katakon da ɗamarar ƙarfe mai tokare a kai biyu, a lanƙwasa cikin minti ɗaya ko biyu kafin ya huce, a bar shi a kan mol, wato abin da aka sassaƙa da siffar lanƙwasar, har ya bushe. Sai dai ka sani cewa itatuwan da suka yi amfani da su, irin su ash da oak da beech, suna karɓar tururi, yawancin katakon kasuwarmu kuwa, kamar madaci da iroko, ba sa karɓa sosai. Cikin lanƙwasar yakan tattare, bayan kuma ya fashe. Hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce a tsaga katakon siriri, milimita 2 zuwa 3, a shafa gam a jera falle takwas ko goma, a matse a kan mol na awa 24.

Wani abin lura a Wishbone: tana da sanduna masu haɗa ƙafafu a ƙasan mazauni ta kowane gefe. Masu kwaikwayo sukan cire irin waɗannan sanduna a kujeru don su ƙara kyau a ido, alhali su ne ke hana ƙafafu buɗewa idan mutum ya jingina da ƙarfi.

Wegner bai tashi shi kaɗai ba. Kaare Klint ya kafa sashen koyar da zanen kayan ɗaki a makarantar fasaha ta Kofanhegan a 1924, ya sa ɗalibai auna jikin mutum da faranti da tufafi kafin su zana kujera ko kabad. Ƙungiyar kafintocin birnin kuma ta riƙa shirya baje koli kowace shekara daga 1927 zuwa 1966, inda mai zane da kafinta ke shiga tare. A ganina wannan haɗin gwiwa shi ne sirrin Danmak. Finn Juhl, alal misali, ba kafinta ba ne. Kujerunsa na 1945 da Chieftain ta 1949, waɗanda mazauninsu ke kamar yana shawagi a kan firam, sun tsaya ne saboda gwanintar kafintansa Niels Vodder. Ba na ba mai farawa shawarar ya taɓa su, domin mahaɗansu ƙanana ne ƙwarai, ko na asali ma sukan buƙaci gyara. Børge Mogensen ya fi sauƙin kai: kujerarsa J39 ta 1947 an yi ta ne don shagunan ƙungiyar gama kai, da sanduna zagayayyu da majingina ɗaya mai faɗi.

Yanzu ga ma'aunin da zai tsayar da kujerar cin abinci mai siraran ƙafafu. Tsayin mazauni santimita 43 zuwa 45, na tebur 72 zuwa 75, ya zama akwai kimanin 28 zuwa 30 tsakaninsu. Majingina ta kwanta baya da digiri 95 zuwa 100 daga mazauni. Kujerar hutawa kuwa mazauninta 38 zuwa 40, majingina 105 zuwa 110. Sirancin ƙafa yaudarar ido ne: a wurin mahaɗa kaurinta ya kai milimita 32 zuwa 35, sai daga ƙasan mahaɗar ta fara tsukewa har zuwa 20 ko 22 a ƙasa. Wanda ya fere ƙafar tun daga sama ya cinye naman da zai riƙe haɗin. Sandar gefe ta zama milimita 20 zuwa 22 a kauri, 55 zuwa 60 a tsayi. Haɗin kuma ya zama na harshe da rami: harshen ya kai kaurin milimita 8 zuwa 10, tsawon 22 zuwa 25, ya shiga da turin hannu ko ɗan bugu kaɗan. In ya faɗa da kansa ya yi sako-sako, kuma gam ba ya cike rami ya yi ƙarfi. In sai da dukan guduma, zai tsaga ƙafar ko ya share gam ɗin gaba ɗaya. Mahaɗar da ta fi shan wahala ita ce ta sandar gefe da ƙafar baya, saboda duk wanda ya jingina yana murɗa ta. Ƙusa ko sukuru da aka ɗaura a kan jijiyar ƙarshe ba za su riƙe wannan wuri ba ko na shekara ɗaya.

Sai batun danshi, wanda shi ne babban abokin gaba a ƙasarmu. Katakon da ke zuwa daga kudu yakan iso da ruwa a jikinsa. Ka yi haɗi da shi a watan Agusta, hunturu ya shigo, harshen ya tsuke a cikin raminsa, kujera ta fara rawa. Katako ba ya raguwa a tsawo, a faɗi da kauri yake raguwa. A jera falange a inuwa, da 'yan sanduna masu kaurin santimita 2 a tsakani kowane santimita 50, a shafa fenti a bakin biyu don kada su tsage, kuma kada a yanka sai na'urar auna danshi ta nuna kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari. Saman tebur mai faɗin santimita 90 na iya motsa santimita ɗaya ko fiye tsakanin damina da hunturu, don haka ba a manne shi da firam; ana ɗaure shi da sukuru a cikin rami mai tsawo wanda zai bar shi ya numfasa. Katakon tik kuma yana da mai a jikinsa, sai an goge fuskar haɗin da tina daf da shafa gam.

Mu tsallaka Amurka, inda aka fi mai da hankali kan abin da inji zai iya bugawa da yawa. Charles Eames da Eero Saarinen sun haɗu a makarantar Cranbrook ta jihar Mishigan, suka ci gasar gidan adana kayan fasaha na MoMA a 1940 da kujerar filawud da aka matse ta zama kwano ɗaya. Kujerar ta ci gasa amma ta ƙi bugawa a masana'anta. Charles ya auri Ray a 1941, suka koma Los Anjalas, suka harhaɗa wata na'ura a cikin gidan hayarsu mai matse fallayen katako a kan mol mai zafi, da balan-balan ɗin roba da ake hura wa iska da famfon keke. Da ita suka koyi aikin, har suka yi wa sojan ruwan Amurka karan ɗori na filawud kimanin 150,000 lokacin yaƙi.

Abin da suka gano shi ne filawud yana lanƙwasa cikin sauƙi ta fuska ɗaya, kamar takarda, amma idan aka tilasta masa zama kwano mai zurfi sai ya tsage. Saboda haka a kujerar LCW ta 1946 suka haƙura da kwano ɗaya, suka raba mazauni da majingina, kowanne falle biyar mai ɗan lanƙwasa, suka haɗa su da ƙashin baya ta hanyar faifan roba da aka manne a jikin katakon. Robar tana sa majingina ta bi bayan mai zama, kuma babu kan sukuru a fuska. Ita ce kuma raunin kujerar. A babbar kujerar hutawa ta 1956, mai kwano uku da kushin fata, wadda ke kwance baya da digiri 15, duk nauyin majingina yana rataye ne a kan hannuwa biyu ta irin waɗannan robobi. Idan gam ɗin gefe ɗaya ya saki, nauyi ya koma ɗaya gefen, sai kwanon baya ya tsage. Mai gyara ya sauya duka robobin lokaci ɗaya, ya kankare tsohon gam har katako ya fito, ya yi amfani da gam mai haɗi biyu. Huda katakon a zura noti ta waje yana lalata darajar ta asali. Kwanon ɗaya da suka daɗe suna nema sai a 1950 suka same shi, da faibagilas, wato roba mai zaren gilashi a ciki, ta hannun kamfanin Herman Miller.

In za ka matse filawud da kanka, fallen ya zama milimita 1 zuwa 1.5, adadinsu ya zama mara, wato biyar ko bakwai ko tara, kowanne jijiyarsa ta gitta ta na ƙasansa. Adadin mara yana sa fuska da baya su bi hanya ɗaya, allon ba zai murɗe ba. Farin gam na kafinta bai dace da wannan ba, domin yana da taushi kuma yana zamewa a hankali cikin zafi, lanƙwasar ta riƙa buɗewa. Gam ɗin gari na yuriya da ake damawa da ruwa ya fi, saboda yana bushewa da tauri. Mol ɗin ya zama mace da namiji, kuma a ƙara masa lanƙwasa da digiri biyu ko uku, tunda allon yakan ɗan miƙe idan an kwance matsi.

Arne Jacobsen na Danmak ya ga aikin Eames ya ɗauki matsalar daga inda suka ajiye. A kujerar Ant ta 1952, wadda ya yi wa ɗakin cin abincin ma'aikatan kamfanin magani na Novo, da Series 7 ta 1955, mazauni da majingina allo ɗaya ne mai falle tara, da yadin auduga a ƙarƙashin fallen waje. Dabararsa ita ce tsukakken ƙugu: ya yanke gefe biyu a daidai gwiwa, sai allon ya lanƙwasa ta fuska ɗaya kawai a wurin, sama da ƙasa kuma su ɗan yi kwano. Kwafin da aka yi da falle kaɗan ko gam mara kyau a ƙugun nan yake ɓallewa. Shi ne kuma ya zana otal ɗin SAS Royal na Kofanhegan da aka kammala a 1960, tun daga ginin har kujerun Egg da Swan na 1958, har cokula.

Akwai dabara ɗaya daga Finlan da ta dace da ƙaramin shago fiye da duk waɗannan. Alvar Aalto da kafinta Otto Korhonen sun fito da ita a kujerar tsugunno ta Stool 60 a 1933. Ana ɗaukar sandar katako cikakkiya, a tsaga kanta ɗaya da zarto tsaga da yawa a jere, tsawonsu ya bambanta, a cusa siraran fallaye masu gam a cikin tsagar, a lanƙwasa wurin zuwa digiri 90. Ƙafar ta zama kamar harafin L, a ɗaure ta da sukuru a ƙarƙashin mazauni, babu rami babu harshe.

Saarinen ya tsani tarin ƙafafu a ƙarƙashin tebur, shi ya sa ya yi wa kamfanin Knoll jerin Tulip mai ƙafa ɗaya a tsakiyar shekarun 1950. Ya so a zuba kujerar da roba gaba ɗaya, amma robar lokacin ba ta iya ɗaukar nauyin ba, sai aka yi gindin da alminiyom na zubi, saman da faibagilas, aka yi musu launi ɗaya. Wanda zai kwaikwayi teburin ya lura da nauyin gindi: faɗinsa kada ya gaza rabin faɗin saman, kuma a saka masa farantin ƙarfe mai nauyi, in ba haka ba yaro ya dafa baki tebur ya kife. Saarinen ne kuma ya zana tashar jirgin sama ta kamfanin TWA a Niyok da aka buɗe a 1962, da bakan ƙarfe na birnin St. Louis mai tsayin mita 192 da aka gama a 1965. Ya rasu a 1961 bai ga kammaluwar ko ɗaya ba.

Sauran na Amurka a taƙaice: George Nelson, daraktan zane na Herman Miller, mai bencin sanduna na 1946, Isamu Noguchi, mai teburin gilashi a kan katako biyu masu kama da juna, Harry Bertoia, mai kujerar Diamond ta 1952 da aka yi da waldar siraran rodi. A Italiya Gio Ponti ya yi Superleggera a 1957, nauyinta kilo 1.7, ƙafafunta masu kusurwa uku, milimita 18. Kada wannan adadi ya ruɗe ka. Katakon ash ne mai miƙaƙƙiyar jijiya da juriyar lanƙwasa. Madaci a wannan kaurin ba zai kai labari ba.

Ya kamata a faɗi wani abu game da sunaye. An daɗe ana jingina aikin mutum biyu ga namijin kaɗai. Ray Eames abokiyar aikin Charles ce a komai. Kujerar Barcelona ta 1929 aikin Mies ne da Lilly Reich. Kujerun ƙarfe na 1928 da ake kira na mai zanen gine-gine Le Corbusier an yi su ne tare da Charlotte Perriand da Pierre Jeanneret. Aino Aalto tana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Artek a 1935. Florence Knoll kuwa, ɗalibar Mies, ita ta tsara yadda ofishin zamani yake, kuma ita ta nemi Saarinen ya yi kujerar Womb ta 1948.

Game da mai hoton gidan gilashi, a gaya masa gaskiya tun kafin a haƙa tushe. Gidan da irin waɗannan hotuna suka samo asali shi ne Farnsworth, wanda Mies ya gama a 1951 a bakin kogin Fox na jihar Ilinoi: ginshiƙan ƙarfe takwas, bene da rufi a rataye a jikinsu, gilashi ta ko'ina. Kyakkyawan gini ne ƙwarai. Amma ban da ƙofa, 'yan tagogi biyu ne kawai ke buɗewa, da rani ya zama tanda, kuma duk da an ɗaga shi kimanin mita 1.6 ruwan kogi ya shige shi fiye da sau ɗaya. Gidan su Eames na 1949, na takwas a shirin gwajin gidaje na Case Study, ya fi hikima: firam ɗin ƙarfensa na kayan masana'anta ne, an tayar da shi cikin kwana ɗaya da rabi, amma bayansa yana jingine da tudu, gabansa jerin itatuwan turare ne, bangon kuma gauraye ne na gilashi da allunan da haske ba ya ratsawa.

Waɗanda suka dace mu koya daga wurinsu su ne waɗanda suka yi gini a ƙasar rana. Le Corbusier ya yaɗa amfani da fukafukan kankare masu tare rana a gaban taga, Lúcio Costa da Oscar Niemeyer suka yi amfani da su a ginin ma'aikatar ilimi ta Riyo a Birazil. Maxwell Fry da Jane Drew sun gina makarantu a ƙasar da ta zama Gana da kwalejin jami'a ta Ibadan, da bangon kankare mai huda-huda don iska ta ratsa, sannan suka yi aiki da Le Corbusier a birnin Chandigarh na Indiya daga 1951. Jean Prouvé na Faransa, maƙerin da kujerarsa Standard ta 1934 ke da ƙafafun baya masu kauri fiye da na gaba saboda can nauyi yake sauka, ya aika gidan alminiyom zuwa Yamai a 1949, wasu biyu zuwa Barazabil a 1951. An ɗauko sassan a jirgin sama. Rufin ninki biyu ne da mafitar iska a tsakiya don zafi ya tashi ya fice, ga baranda mai fukafukai kewaye da ɗakuna. Tsada ta sa guda uku kawai aka yi. Daga baya an kwance su aka mayar Turai, an sayar da ɗaya na Barazabil a gwanjo a Niyok a 2007 kan kusan dala miliyan 5.

Sai dai a bambance. Bango mai huda da gini mara nauyi maganin ƙasa mai laima ne kamar Ibadan. A Kano ko Zinder, inda rana ke ƙuna dare ya yi sanyi ga ƙurar hunturu, bango mai kauri da ƙananan tagogi irin na soro ya fi sanyaya ɗaki. Abin ɗauka daga waɗancan magina shi ne lissafin inuwa. Dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa. A Kano, wadda ke kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana takan tsaya kusan digiri 54 ta kudu da tsakar ranar Disamba, don haka taga mai tsayin mita 1.2 tana buƙatar rumfa mai fitowa santimita 85 zuwa 90 daidai kanta. Gabas da yamma rumfa ba ta isa, domin rana na shigowa a kwance; sai fukafukai a tsaye, ko itace, ko a rage taga. Shimfiɗaɗɗen rufin kankare kuma ba a yin sa a kwance sak: a ba shi gangare na santimita 2 zuwa 2.5 a kowace mita zuwa indararo mai faɗi, a hau da abin hana yoyo jikin rawani aƙalla santimita 15, tunda a wannan kusurwa ruwa ke fara shiga.

In kana neman inda za ka fara, ɗauki J39 ta Mogensen ko kujerar ofis ta Chandigarh, wadda Jeanneret da abokan aikinsa Indiyawa irin su Eulie Chowdhury suka zayyana. Ta biyun ƙafafunta kamar harafin V ne a kife, katakon tik da saƙar kara, kuma kafintocin gari ne suka yi ta da kayan hannu don yanayi mai zafi. Ka yi guda ɗaya da katako mai araha tukuna, a zauna a kanta mako biyu, sannan ka yanka mai tsada. Ka gaya wa mai saye cewa aikinka ne a kan salon wane. Yawancin waɗannan zane har yau akwai kamfanonin da ke da lasisin yin su, kada ka sa sunansu a jikin naka. Wajen gamawa kuma ka guji banishi mai kauri da sheƙi. Ka goge da samfefa lamba 120, sai 180, sai 240, ka shafa man katako sau uku, kana share rarar bayan minti 15, da kwana ɗaya tsakanin kowace shafa. Tsumman da ya sha man a baza shi a waje ya bushe, domin in an dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa.

Kujerunka huɗu masu girgiɗi kuwa suna gyaruwa. Kada ka ɗura gam ta waje, kada ka ƙara ƙusa. Sa wa kowace mahaɗa lamba, ka kwance su da gudumar roba, ka kankare tsohon gam daga harshe da rami, tunda sabo ba ya kama tsoho. Harshen da ya tsuke a manna masa siririn falle ta gefe biyu, a fere har ya shiga daidai. In da ƙusa ko sukuru ka haɗa tun farko, ka haƙa rami mai kaurin milimita 8 a ƙafa da kuma a bakin sandar, ka yanka harshe daban mai shiga duka biyun. A haɗa a kan daɓe mai daidai, a auna kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye har awon biyu su zo ɗaya, a bar matsi ya kwana. Sannan a ƙara tokare mai kusurwa uku a kowane lungu huɗu na ƙarƙashin mazauni, da gam da sukuru biyu. Wannan aikin ya fi kyau a yi shi a tsakiyar hunturu, lokacin da katakon ya gama tsukewa. Ta biyar ɗin da ta karye a gwiwa, majinginarta sabuwa za ka yi, da siraran fallaye a kan mol.